Zuƙar Sama da Zuƙar Ƙasa: Bayanin Saitin Wutar Injin Mai Kafireto a Garejojin Mai'adua

Tsakure

Wannan muƙala bayani ce a kan wani ɗan tiyon roba, wanda kaurinsa bai wuce na fensir ba, da ke haɗa kafireto da distirbita a injin mota mai shan fetur. Kafofi biyu ne ake iya cusa shi a cikinsu, kuma kanikawa sun daɗe suna saɓani a kan wadda ta fi dacewa. Muƙalar ta fayyace aikin kowace kafa da Hausa, ta bi sawun tarihin saɓanin, sannan ta auna shi da yanayin Mai'adua, inda zafin rana da nauyin kaya da tsadar mai suka haɗu a kan tsofaffin injuna. An kuma gabatar da wasu kalmomi da ake ganin za su iya ɗaukar ma'anonin fannin.

1.0 Gabatarwa

Mai'adua ƙaramar hukuma ce a masarautar Daura ta Jihar Katsina, tana kan hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa Kazaure da Daura, ta tsallaka iyaka a Kwangwalam, ta nufi Matamaye da Damagaram a Jamhuriyar Nijar. Duk wanda ya halarci kasuwarta ranar Lahadi zai lura cewa yawancin motocin da ke jigilar dabbobi da hatsi da mutane ba na zamanin nan ba ne. Akwai a-kori-kura ta Fijo 504, wadda kamfanin Peugeot ya fara fitar da ƙirarta ta asali a Faransa a 1968, aka kuma riƙa harhaɗa ta a masana'antar Kaduna da ta soma aiki a 1975. Akwai J5 da aka ƙera tsakanin 1981 da 1993. Akwai kuma ƙananan motocin haya 'yan Jamus da Japan, waɗanda da yawansu da na'urar fesa mai ta lantarki suka shigo ƙasar, amma kanikawa suka cire ta suka ɗaura musu kafireto, domin kafireto ana iya kwance shi a gindin bishiya a wanke a mayar.

A ƙasashen da suka ƙera waɗannan motoci, kafireto ya zama kayan masu sha'awar tsofaffin motoci tun farkon shekarun 1990. A Mai'adua kuwa abincin gidaje ne. A watan Nuwamba na 2019 Hukumar Kwastam ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka, lamarin da ya jefa direbobin yankin a hannun 'yan bumburutu. Ranar 29 ga Mayu 2023 kuma aka sanar da cire tallafin mai, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki. Tun daga lokacin, duk abin da zai sa inji ya sha mai fiye da ƙa'ida ya daina zama ƙaramin al'amari, ko da kuwa ɗan tiyo ne.

2.0 Kalmomin Fannin

Mai nazarin harshe zai tarar da gareji cike da kalmomin aro da suka riga suka zauna da gindinsu: fulogi, fistin, silinda, bawul, totur, lagireto, salansa, kwayil, taimin. Kasancewar Mai'adua bakin iyaka, wasu kalmomin ta fuskar Faransanci suka shigo. Shi kansa tiyo daga can yake. Bakaniken da ya koyi aiki a Damagaram zai kira fulogi da buji, ya kira distirbita da delko, sunan da ya samo asali daga kamfanin Delco na Amurka, wanda Charles Kettering ya shiga kafa shi, aka kuma fara sa tsarin wutarsa a motar Cadillac ta 1910.

Matsalar aro ita ce yana ba da suna, ba ya ba da bayani. Yaron gareji yana iya shekara biyar yana faɗin "bakum" bai san abin da ke faruwa a cikin tiyon ba. Saboda haka a wannan muƙala an zaɓi kalmar zuƙa a madadinta, domin duk Bahaushe ya san yadda ake zuƙar kunu ko zuƙar iska ta hanci. An kira murfin da ke buɗewa da rufewa a maƙogwaron kafireto faifan totur, saboda kamanninsa da faifan rufe ƙwarya. Fatar robar da zuƙa ke ja kuwa an kira ta tantani, kamar na kalangu, an kuma kira gidan ƙarfen da take ciki ƙoƙon zuƙa. Kalma ɗaya ce ta fi wahalar sha'ani, wato wuta. A bakin bakanike wuta tana nufin lantarkin batir, tana nufin tartsatsin fulogi, tana nufin ƙonewar mai a silinda, tana kuma nufin fitilar gaba. A nan, duk inda aka ce "gabatar da wuta", ana nufin sa tartsatsin fulogi ya riga lokacinsa na asali, "jinkirta wuta" kuma akasin haka.

3.0 Dalilin da Wuta ke Riga Fistin Isa

Injin mota yana aiki ne a matakai huɗu: fistin ya sauka ya zuƙo gaurayen iska da fetur, ya hau ya matse shi, fulogi ya kunna shi ya turo fistin ƙasa da ƙarfi, sannan fistin ya sake hawa ya kori hayaƙi. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, gaurayen ba fashewa yake yi nan take ba. Ci yake yi, kamar yadda wuta ke cin busasshiyar ciyawa daga gefe guda zuwa wancan, sai dai cikin kashi biyu ko uku bisa dubu na sakan. Ana so ƙarfin turin ya kai matuƙarsa jim kaɗan bayan fistin ya wuce ƙololuwa ya fara gangarowa, wajen digiri 12 zuwa 15 na juyin karanshaf. Idan haka ne, tilas a kunna wutar tun fistin yana kan hanyar hawa.

Lissafi kaɗan zai nuna girman al'amarin. Injin da ke silo a kan juyi 800 a minti yana cin digiri 4.8 a cikin kashi ɗaya bisa dubu na sakan. Idan ya kai juyi 3,000 a minti, digiri 18 yake ci a wannan ɗan lokacin. Ke nan ƙonewar da ta ɗauki kusan digiri 10 a silo za ta nemi fiye da digiri 30 a kan gudu, duk da cewa hargitsin iska a cikin silinda yana ɗan ƙara wa wutar sauri. Wannan ya sa aka sanya wasu ƙarafa biyu masu sifirin a cikin distirbita, waɗanda ke buɗewa idan juyi ya ƙaru, su gabatar da wuta.

Amma waɗannan ƙarafa juyi kawai suka sani, ba su san nauyi ba. A-kori-kurar da ta sauke kaya tana komawa Daura fayau, da wadda ta ɗauko buhu ashirin na gero tana fama da rairayi, suna iya kasancewa a kan juyi ɗaya, alhali abin da ke cikin silindarsu ya bambanta ƙwarai. Ta farko totur kaɗan aka taka mata, gaurayen da ke shiga ɗan kaɗan ne, ga shi ya cuɗanya da ragowar hayaƙi, don haka a hankali yake ci, yana buƙatar a kunna shi da wuri. Ta biyu an buɗe mata totur gaba ɗaya, silinda ta cika maƙil, gaurayen yana ci da sauri, idan aka kunna shi da wuri sai ya yi karo da fistin. Dole a sami wani abu da zai shaida wa distirbita halin da inji yake ciki. Wannan abu shi ne zuƙa.

4.0 Zuƙa da Kafofinta

Idan faifan totur yana rufe, fistin kuma yana ta sauka yana neman iska, sai matsin iskar da ke cikin manifol, wato bututun da ya raba gauraye ga silindoji, ya faɗi ƙasa da na waje. Wannan bambanci shi ne zuƙa. A haƙiƙa ba ja take yi ba, iskar waje ce ke turawa zuwa inda matsi ya yi ƙaranci, amma ga mai sa yatsa a bakin kafa, ja yake ji. Ana auna ta da inci na zaiba. Lafiyayyen inji yana ba da inci 17 zuwa 21 a silo a gaɓar teku, kuma ana rasa kimanin inci ɗaya a duk hawan mita 300, don haka ma'auni a ƙasar Daura zai nuna ƙasa da na Ikko da inci ɗaya da wani abu, ba tare da injin yana da wani ciwo ba. Da zarar an take totur har ƙasa, faifan ya miƙe, iska ta kwararo, zuƙa ta kusa ɓacewa. Ta haka zuƙa ta zama ma'aunin nauyi: mai yawa tana nufin inji yana hutawa, maras yawa tana nufin yana aikin ƙarfi. Tiyon yana kai ta ga ƙoƙon da ke jikin distirbita, ta ja tantani, tantani ya ja farantin da ke ciki, a sami ƙarin digiri 10 zuwa 15 a yawancin injuna.

Sai dai ina za a ɗebo ta? A nan ne kafofin biyu suka rabu. Zuƙar ƙasa ita ce wadda aka ɗebo daga ƙarƙashin faifan totur ko daga jikin manifol kai tsaye. Tana nan a kowane lokaci inji yana aiki, kuma a silo tana da ƙarfi sosai. Zuƙar sama kuwa daga wata 'yar huda ake samun ta, wadda aka huda a bangon maƙogwaron kafireto dab da saman gefen faifan idan yana rufe. A silo hudar tana ɓangaren iskar waje, saboda haka ba ta jan komai. Da an taɓa totur, gefen faifan ya ɗaga ya wuce ta, sai ta koma ɓangaren ƙasa, ta fara ba da kusan abin da manifol ke bayarwa.

Wannan shi ne abin da masu gardama suka fi mantawa da shi. A kan tafiya da matsakaicin totur, kafofin biyu kusan abu ɗaya suke faɗa. A kan cikakken totur, dukansu shiru suke yi. Bambancinsu yana wuri biyu ne kacal: lokacin silo, da lokacin da direba ya ɗage ƙafa daga totur mota tana gangarawa. Duk bakaniken da ya ce sauya kafa zai ƙara wa mota ƙarfin hawa ko gudu a kan titi, ya jingina wa tiyon abin da ba aikinsa ba ne.

Wasu kafiretocin suna da kafa ta uku, wadda ke ɗebo zuƙa daga ƙuntataccen wuyan da ke can sama. Ita wannan ƙaruwa take yi da yawan iskar da ke wucewa, wato tana ƙarfi ne daidai lokacin da ake so ƙoƙon ya saki. Cusa tiyon distirbita na yau da kullum a cikinta kuskure ne tsantsa.

4.1 Asalin Saɓanin

A Amurka, inda gardamar ta fi zafi, an fi danganta zuƙar sama da dokokin hana gurɓata iska. Jihar Kalifoniya ta fara ƙayyade hayaƙin sababbin motoci daga ƙirar 1966, gwamnatin tarayya ta biyo baya daga ƙirar 1968, aka kuma tsaurara dokar a 1970. Injiniyoyi sun gano cewa idan aka jinkirta wuta a silo, gaurayen yana fita salansa da sauran zafinsa, ragowar man da bai ƙone ba ya ƙarasa ƙonewa a can. Zuƙar sama ta dace da wannan buƙata, tunda ba ta gabatar da wuta a silo. Amma cewa dokar ce ta haife ta, wannan zuzutawa ce, domin akwai motoci da dama da ke amfani da ita tun kafin shekarun 1960, saboda tana ba da silo mai natsuwa. Dokar ta yaɗa ta ne, ba ta ƙirƙire ta ba.

Akwai wata shaida daga wancan zamani da ta shafi Mai'adua fiye da yadda ta shafi garuruwan da aka ƙera motocin. Kamfanonin General Motors da Ford sun sanya wa motocinsu da yawa wani ɗan bawul mai jin zafin ruwan inji. Muddin ruwan yana daidai, distirbita na shan zuƙar sama. Idan ruwan ya ɗauki zafi fiye da kima, sai bawul ɗin ya juya shi zuwa zuƙar ƙasa, wuta ta gabata, silo ya ɗan tashi, fanka da famfon ruwa su ƙara juyi, zafin ya sauka. Wato su kansu maƙeran sun san cewa jinkirtacciyar wuta a silo tana dafa inji. Wasu injunan Japan kuwa ƙoƙo mai tantani biyu aka yi musu, kowanne da nasa tiyon, ɗaya zuwa sama ɗaya zuwa ƙasa.

5.0 Auna Al'amarin da Yanayin Mai'adua

A watannin Afrilu da Mayu zafin yankin yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salsiyas. Motar haya tana iya shafe lokaci mai tsawo tana silo a cunkoson ranar kasuwa ko a layin shingen bincike, kuma direban da batirinsa ya yi sanyi ba ya yarda ya kashe ta. A irin wannan hali zuƙar ƙasa tana da hujja mai ƙarfi. Wutar da aka gabatar a silo tana sa ƙarin kaso na zafin man ya zama turi a kan fistin maimakon ya bi ta bawul ɗin hayaƙi da ruwan lagireto. Silo yakan tashi da kansa, sai a sassauta sukurun totur a mayar da shi daidai, wanda ke nufin inji yana riƙe da juyinsa da ƙarancin mai. Tayar da mota ma ba ya wahala, domin lokacin da sitata ke juya inji zuƙa ba ta taru ba tukuna.

Amma tana da sharaɗi, kuma a nan ne tsufan injunan yankin yake shigowa. Kowane ƙoƙo yana da adadin zuƙar da yake buƙata kafin ya ja tantaninsa har ƙarshe. Ƙa'idar da masana saiti ke bi ita ce, ƙoƙon ya gama ja a kan zuƙar da ta gaza ta silo da kimanin inci biyu. Injin da zobban fistinsa suka cinye, bawulolinsa suna yoyo, yana iya ba da inci 13 kawai. Idan aka haɗa shi da ƙoƙon da ke neman 15, tantanin zai tsaya a tsakiya yana rawa. Juyi ya ɗan sauka, zuƙa ta ragu, wuta ta koma baya, juyi ya ƙara sauka, haka har inji ya mutu ko ya riƙa hawa da sauka kamar mai haki. Irin wannan inji zuƙar sama ta fi masa, domin silonsa bai dogara da tantani ba.

Hukuncin da ya fi kusa da daidai, saboda haka, ya danganta ne da tarihin motar. Wadda take da kafireto da distirbitanta na asali, a bar tiyon inda maƙera suka sa shi, domin an auna hudar da ƙoƙon da sifirin ɗin tare. Wadda aka yi wa dashe kuwa, kafireto daga wata mota, distirbita daga wata, babu littafin da zai yi mata hukunci. Sai an gwada. Idan tana yawan zafi a silo, zuƙarta kuma tana da ƙarfi, a gwada ƙasa. Idan silonta ya ƙi zama, a koma sama.

5.1 Ƙusa a Bakin Tiyo

Gaskiyar magana, abin da ya fi yawa a ƙarƙashin bonet ba sama ba ne ba kuma ƙasa ba. Tiyo ne da aka yanke aka toshe da ƙusa ko sukuru, ko kafa da aka cusa wa tsinken ashana. Yadda abin ke faruwa sananne ne. Zafi da tururin fetur sun busar da tantani ya tsage, sai ƙoƙon ya zama ƙofar da iska ke satar shiga, tare da ƙurar hunturu da ba ta bi ta matatar iska ba. Mota ta fara shaƙewa. Direba ya ce, "Maigida, a yi mata dabara, fasinja na jira." Maigidan gareji ya toshe tiyon, ya sassauta distirbita, ya murɗa shi yana sauraro har silo ya yi daɗi a kunne, ya ɗaure.

Dabarar tana aiki a cikin gareji, amma a kan hanya take karɓar kuɗinta. Idan bakaniken ya bar wutar a ma'auninta na asali, wajen digiri 8 zuwa 10 a injuna da yawa, motar ta rasa ƙarin digirin da take samu a matsakaicin totur, wato inda take shafe mafi yawan tafiyarta, sai ta riƙa shan mai tana zafi. Idan kuma ya murɗa ta gaba don ya cike gurbin, to ya ɗaure waɗannan digirori a wuri ɗaya, ba za su janye ba lokacin da aka take totur da lodi. Amfanin tantani ke nan tun farko, yana bayarwa yana kuma karɓewa. Sakamakon shi ne wata ƙara siririya kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, wadda ke fitowa idan ragowar gauraye ya fashe da kansa kafin harshen wuta ya iso shi. Zafin rana da man galan da ba a san ingancinsa ba suna ƙara mata kaifi. Idan ta daɗe, tana cin kan fistin, ta karya zobba, ta ƙona gaskit. Abin sha'awa ga mai nazarin ma'ana shi ne, kalmar nokin a Ingilishin injiniyoyi sunan wannan ƙarar ce ta gargaɗi, amma a garejin Nijeriya ta koma sunan mutuwar injin gaba ɗaya. Kalmar ta tsallake alamar ciwo ta sauka a kan gawa, ita kuwa alamar ta zauna ba ta da tsayayyen suna.

5.2 Gwajin da Ba ya Buƙatar Na'ura

Gane kafa ba ya buƙatar komai sai yatsa. A bar inji ya yi ɗumi yana silo, a zare tiyon, a ɗora yatsa a bakin kafar. Idan ta kama fata nan take, zuƙar ƙasa ce. Idan shiru sai an ɗan taɓa totur, ta sama ce. Lafiyar tantani kuwa da baki ake gwada ta: a kashe inji, a buɗe murfin distirbita, a zuƙi tiyo mai tsabta ana kallon farantin, ya kamata ya motsa, sannan a toshe bakin tiyon da harshe. Idan farantin ya tsaya inda yake, tantani lafiya lau. Idan ya koma, ko kuma iska ta riƙa zuwa ba iyaka, ya tsage, kuma magani shi ne a sauya ƙoƙon. Duk lokacin da za a saita wutar asali, sai an zare tiyon an toshe shi na ɗan lokaci, musamman idan a ƙasa yake, in ba haka ba digirin da aka karanta ya haɗa da na tantani.

Akwai tarko ɗaya da ke ruɗar har ƙwararru. A injin da ya gaji, akan ɗaure sukurun silo sosai don kada ya mutu, har gefen faifan ya ɗaga ya buɗe hudar sama tun ba a taɓa totur ba. A nan yatsa zai ji ja a kafar da bai kamata ta ja ba, bakanike ya ɗauka ta ƙasa ce, alhali rabin zuƙa take bayarwa, mai canzawa da kowane ɗan motsin faifai. Kafin a yanke wa irin wannan kafa hukunci, sai an wanke hanyoyin silo na kafireton, an duba yoyon gaskit ɗin manifol, an mayar da faifan mazauninsa, sannan a sake ɗora yatsa.